Ɗorawar Gwaggo a Gonata

Gonar tawa ce, amma ɗorawar da ke tsakiyarta ba tawa ba ce. Yaran yanzu in na gaya musu haka sai su ɗauka zolaya ce, alhali a wajenmu ba abin mamaki ba ne. Da aka zo rabon gadon kakanmu a Wudil, mahaifina ya sami gonar bayan gari ta wajen kogi, ɗorawar da ke cikinta kuwa ta faɗa a rabon yayarsa. Mai gona zai yi nomansa har gindin bishiyar, amma ba shi da ikon tsinkar 'ya'yanta, balle ya ɗaga mata gatari. Mai bishiya kuma tana shiga duk sanda ta ga dama, in ta so ta sayar, in ta so ta kyautar, ba sai ta nemi iznin kowa ba. Da mahaifina ya rasu gonar ta dawo hannuna, sai na gaje ta da Gwaggo a ciki.

Gwaggo a Utai take zaune, a gidan ɗanta, tun bayan rasuwar mijinta. Gajeruwa ce, siririya, mai kaifin baki, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba saboda sunan mahaifinta aka sa mini. Babana take ce mini, ko tana yabo ko tana faɗa, faɗan kuma ya fi yawa. Duk bazara, da zarar ɗorawa ta nuna, sai mu gan ta ta sauko daga motar 'yan kasuwa ranar Juma'a da ƙullin kayanta a ka, ba ta komawa sai an yi ruwan shuka.

Makonnin nan su na fi so a shekara. Gida ya cika da aiki. A kaɗo ɗorawa da doguwar gora, a kwaso ta a buhuna, mata su zauna su ɓare, a daka, a tankaɗe garin, yara su yi ta yawo bakinsu duk gari. Kalwar kuma a wanke ta, a wuni ana dafawa, a surfe, a sake dafawa, a rufe ta da ganye har ta yi, warin daddawa ya cika unguwa. Ɓawon ma ba a zubarwa, shi ake jiƙawa a yi makubar daɓe. Gwaggo tana tsakiya a kan 'yar kujerarta tana ba da umarni, a wajenta ba abin da ake yi daidai. Ni dai ba daddawar ce ta dame ni ba. Muryarta irin ta mahaifina ce, har tarin ma iri ɗaya, kuma ita kaɗai ta rage a duniya da ta san shi yana yaro. Na kuma sani sarai ba don kyan fuskata take hawa motar nan ba. Gwaggo ba ta zuwa gidan kowa ta zauna haka kawai a ce ana ciyar da ita, wajen kayanta take zuwa. Ran da babu ɗorawar nan, to babu Gwaggo a Wudil.

Lokacin kuɗin mai ne, ina koyarwa a firamare. An yi mana ƙarin albashi, na sayi babur, rufin kwano ya fara ƙyalli a gari, manyan motoci ɗauke da siminti suna ta wucewa ta kan gada. Amma ba a daɗe da fita daga fari ba. Mun ga shanu sun mutu a bakin hanya, mun ga mutanen arewa da mu sun gangaro ba komai a hannunsu. Rediyo kullum maganarta ɗaya, hamada tana tafe, kowa ya dasa bishiya. Malaman gandun daji suka riƙa kawo dashe a cikin baƙar leda suna rabawa kyauta, yawanci darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, sai ɗan itacen turare. Ni kuwa abin ya shige ni. Na dasa a makaranta, na dasa a ƙofar gida, sauran na jera su a kan iyakar gonata ta gabas, inda iska ke kwasar mini ƙasa.

Har yau ina son darbejiya, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ba ta da tsirfa. Ka ba ta ruwa rani ɗaya, ta gama roƙonka ke nan. Gara ba ta cinta, akuya sai yunwa ta kai mata wuya take taɓa ta, kuma a watan da rana ke narka kwalta, lokacin da kuka ta tsaya tsirara, ita tana nan koriya shar. In ka dasa tsamiya sai dai ka yi wa jikokinka fatan inuwa. Darbejiyar makarantarmu kuwa, yaran da suka yi mata ban ruwa suna ƙanana, su ne suka yi karatu a gindinta kafin su fita.

A majalisar da muke zama bayan la'asar an sha kai ruwa rana a kanta. Dattawa suna cewa baƙuwa ce, Turawa suka kawo ta, ba ta haifar abin da za a sa a baki, gero ba ya yi a ƙarƙashinta kamar yadda yake yi a gindin gawo. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, ban taɓa musawa ba. Maganar baƙunta ce ba na iya haɗiyewa. Nakan ce musu mangwaro ma baƙo ne, gwaiba baƙuwa ce, rogon da ya rufa mana asiri a shekarar fari shi ma daga wata uwa duniya aka kawo shi, ban kuwa ga wanda ya tambayi asalinsa kafin ya kai baki ba. Sai su yi dariya su ce malamin makaranta ba a kayar da shi a magana, a tashi kowa da ra'ayinsa.

Da Gwaggo kuwa ba a tashi haka. Shekarar farko ta ga 'yan dashen a cikin shingen ƙaya, ta taɓe baki ta wuce. Da suka yi tsawo suka fara 'ya'ya, sai tsuntsaye da jemagu suka riƙa sha, su zo kan ɗorawa su huta, su zubar da ƙwallon a gindinta. Bazarar da ta biyo baya Gwaggo ta tarar da 'yan darbejiya sun tsiro a ƙarƙashin bishiyarta kamar an yafa. Ta aika aka kira ni daga gida. Na same ta a durƙushe tana tumɓukewa.

"Babana, zo ka ga aikin baƙinka."

"Sannu da aiki, Gwaggo. Ai tsuntsaye ne, ba ni ba ne."

"Tsuntsayen ne suka je suka karɓo ta a leda? Kai dai ka kwaso mana abin da ba shi da kunya. Itacen kirki sai an lallaɓa shi yake fitowa. Wannan kuwa ba sallama, ba gaisuwa, kana juya baya ta shigo maka ɗaki."

"Amma Gwaggo, inuwa fa."

"Inuwar me? Ka taɓa jin an ce aljani ya zauna a kan darbejiya? Tsamiya tana da su, kuka tana da su. Itacen da aljani ma ya raina, shi za ka kawo kusa da ɗorawar ubana?"

Na ce mata wannan ai abin yabo ne, mutum ya yi barcinsa a gindi ba fargaba. Ta ɗago ta harare ni, ta ce boko ya gama da ni, in tsuguna mu ci gaba da cira. Muka cire su tas, ina dariya a ciki. Kowace shekara haka muka riƙa yi, har abin ya zama kamar wani ɓangare na gaisuwarmu.

A can gindin ɗorawa, ina tsugune gwiwata na ciwo, na yarda da abu ɗaya wanda ban taɓa faɗa a majalisa ba. Darbejiya ba ta san iyaka ba. Ni a layi na dasa ta, da igiya na auna, amma ita ba ruwanta da layina. Na gan ta a jikin katangar masallaci, na gan ta a bakin rijiya, na gan ta ta fito daga cikin kogon wata tsohuwar kanya. Ra'ayina bai canja ba, ta gefen hanya da ƙofar gida da kan iyaka babu kamarta. Sai dai wanda ya kawo ta, shi ya kamata ya riƙa bin bayanta yana cirewa, kuma yawancin masu dasawa ba sa yi.

Sai aka yi wata shekara da ɗorawar ta ƙi haihuwa. Fure ya fito kaɗan, ya zube, abin da aka kaɗo bai kai a hura masa wuta ba. Ni na san ɗorawa takan yi haka, ta ɗauki shekarar hutu, ga kauci da ya kama wasu rassanta, ga ruwan bara da bai wadata ba. Gwaggo ta ce saiwar darbejiya ce ta bi ta ƙarƙashin ƙasa tana shanye mata ruwa. Wa ya fi gaskiya a cikinmu, har yau ban sani ba, don ba wanda ya shiga ƙasa ya gani. Abin da na sani shi ne ba ta yi faɗa ba a wannan karon, kuma shirun ya fi faɗan tayar mini da hankali. Ta yi 'yan kwanaki tana zaune a tsakar gida hannu ba aiki, ana kawo mata abinci tana cewa an wahala, sannan ta ɗaure kayanta tun ruwa bai sauka ba.

A bakin mota ta ce mini, "Masu itacen birni sun je har Utai sun same ni. Wai gidajen burodi na nema. Gara na sayar da ita tana tsaye da ƙarfinta da na zuba ido baƙi su shaƙe ta."

"Gwaggo, ba za ki yi haka ba."

"Gonarka na ce zan sayar?"

A shekarun nan burodi ya shiga gari, kowane mai shayi da tulinsa a tebur, motocin itace kuma suna ta zarya tsakanin ƙauyuka da Kano. Na ga manyan itatuwan da na sani tun ina yaro sun koma kututture cikin wuni ɗaya. Ɗanta ma, wanda direba ne kuma abokin wasana, ya daɗe yana ce mata ta rabu da wahalar nan, tunda ga dunƙulen kanti ya fito ana sa wa miya. Ba mugunta yake nufi ba, gwiwoyinta yake tausayi.

Na dawo gida raina a ɓace. Maiɗakina ta ce, "Malam, ka sare su mana a huta. Darbejiya ce fa, gobe ma za a ba ka wata."

Na ce ba zan sare ba. Iska ta daina kwasar mini ƙasa, masu wucewa zuwa kogi suna hutawa a wurin, kuma ba a tabbatar musu da laifi ba. Ta ce to, ni da Gwaggo dai taurin kanmu ɗaya. Abin da zan iya yi, na yi. Na sa aka haƙa rami mai zurfi tsakanin layin darbejiyar da ɗorawa, duk saiwar da ta ƙetaro aka datse ta. Waɗanda suka fi kusa aka rage musu kai. Kaucin kuwa na tsaya ina kallonsa da gatari a hannu, ban taɓa ba, don reshen ba nawa ba ne. Sai da na hau babur na je Utai na nemi izni. Ta ce, "A cire." Na ba ta labarin ramin, ta ce, "Sannu." Ban sami fiye da haka ba, na sha fura na dawo.

Damina ta wuce, aka yi girbi, ba labari. Duk motar itacen da na ji ta rage gudu a kan hanyarmu sai na fito na leƙa. Da sanyi ya ja baya ɗorawar ta yi fure, jajaye suna reto ko'ina, ƙudan zuma sun rufe ta. Na yi murna, amma ban sani ba ko za a bar su su zama 'ya'ya.

Wata Asabar da hantsi aka aiko cewa Gwaggo tana gona, in zo. Ba ta biyo ta gida ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Da na isa na ga motar ɗanta a bakin hanya, ga mai unguwa, ga limaminmu, an shimfiɗa musu tabarma. Wa zai tara mai unguwa da liman a gona in ba ciniki za a shaida ba? Na duba ko zan ga masu gatari, ban gan su ba, na ce a raina suna tafe. Na gaida dattawan, na durƙusa gaban Gwaggo, muka yi doguwar gaisuwa, ta tambayi gida da yara da makaranta har da babur. Ta rame, kuma da sanda ta zo.

"Ina 'yar taka ta fari?" ta ce. "A ɗauko mini ita."

Yarinyar lokacin ba ta daɗe da shiga makaranta ba, haƙoranta na gaba ma sun fita. Ɗan Gwaggo ya je ya ɗauko ta tare da uwarta. Gwaggo ta dogara sanda ta miƙe, ta kama hannun yarinyar, ta ja ta har jikin ɗorawar, ta ɗora tafinta a kan ɓawon.

"Liman, mai unguwa, ku shaida. Wannan ɗorawa da na gada a wajen ubana, na ba yarinyar nan halak malak. Ba ta ubanta ba ce, ba ta mijin da za ta aura ba ce." Sannan ta juyo gare ni. "Ni na gaji da kai, Babana, kullum kana da abin faɗa. Yanzu duk baƙon da ya tsiro a nan, kai da 'yarka. In za ka iya cin hakkinta, bismilla."

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Mai unguwa ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin an ɗaure malamin makaranta tamau irin na yau ba. Ni ma na yi dariya, daɗi ya kama ni har idona ya kawo ruwa, don bishiyar ta tsira, kuma tsohuwar ta san inda ta kama ni. Sai da muka rako ta mota, ɗanta ya ɗaga ta cak ya sa a gaba, sannan ɗaya gefen abin ya faɗo mini. Ta ba da kayanta, ba ta da sauran abin zuwa wajensa.

"Gwaggo, ai za ki zo kaɗar bana ko? Yarinya ba ta san komai ba."

"Uwarta ta sani. Na gama hawa mota, Babana. Ƙafa ta ƙi."

Haka kuwa aka yi. Ɗorawa ta nuna, ta yi 'ya'ya kamar ba ita ce ta yi yaji bara ba, kujerar Gwaggo kuma tana jingine a bango. Maiɗakina ta ja aikin tare da matan maƙwabta, aka yi komai yadda aka saba, sai dai ba mai cewa an yi ba daidai ba, gidan ya yi mini shiru. Ni da yarinyar muka je muka cire 'yan darbejiyar da suka tsiro a gindi, tana nuna mini waɗanda na tsallake. Da daddawa ta yi, na sa aka zaɓi mafi kyau aka cika kwano, aka haɗa da ƙullin gari, na ɗaure a bayan babur na nufi Utai, ina jin kaina ɗan kirki.

Na same ta a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafa a tabarma. Bayan gaisuwa na ajiye kwanon a gabanta na buɗe. Ta sunkuya ta shinshina, na ga fuskarta ta saki, amma ba ta sa hannu ba.

"Wa ya aiko?"

"Ni na kawo miki, Gwaggo. Ta bana ce."

"Na ga kai ka kawo. Mai ita ta sani?"

Na ce yarinya ce ƙarama, me ta sani, ai ni ne ubanta. Gwaggo ta mayar da murfin ta rufe, ta turo mini kwanon da bayan hannu.

"Ubanka ya yi noma a gindin bishiyar nan har ya koma ga Allah, bai taɓa ɗaukar ko ƙwayar kalwa ya ba wani ba sai ya tambaye ni. Ba zan ci abin da mai shi ba ta ba ni ba. In tana so ta ba ni, ta zo da kanta. In ba ta san hanya ba, a nuna mata."

Ɗanta yana gefe yana ƙunshe dariya. Na ɗaure kwanona na juyo, rana tana dukana, ina ta mita ni kaɗai a hanya, wai ni za a mayar wa kaya kamar wanda ya sato. Sai da na kusa shiga gari haushin ya sake ni, na fara gane cewa ba daddawa tsohuwar nan take jira ba.

Da na isa gida na kira yarinyar a gaban uwarta, na tambaye ta ko ta yarda a ba Gwaggo daga cikin daddawarta. Ta yi tunani sosai, ta ce ta yarda, amma a rage mata garin. Aka rage mata. Washegari aka yi mata kitso, aka sa mata kwalli, na ɗora ta a kan tankin babur ta rungume kwanon, muka kama hanya a hankali.

A Utai ta sauka, ta durƙusa yadda uwarta ta koya mata, ta miƙa da hannu biyu. Gwaggo ta karɓa, ta sa mata albarka, ta gutsuri daddawar ta ɗanɗana, ta ce an yi saurin buɗe ta amma ba laifi. Sannan ta jawo yarinyar ta zaunar da ita a kan cinyarta, a kan ƙafar da ta ce ta ƙi.

"Kai je ka gaisa da mutane," ta ce mini ba tare da ta dube ni ba. "Mu masu ɗorawa za mu yi magana."

Na fita zaure na zauna tare da ɗanta. Ina jiyo ta daga ciki tana yi wa yarinyar bayanin yadda ake gane kalwa ta dahu, da watan da za ta riƙa zuwa ta kawo mata labari, da kuma wanda bai kamata a bari ya matso kusa da bishiyar da baƙar leda ba.